Malam Sadi Abarshi da Takardar Guga

Haihuwa da asali

An haifi Malam Sadi Abarshi a garin Gure a ƙarshen daminar shekarar 1939. Mahaifinsa, Abarshi, ɗan kasuwa ne daga Damagaram wanda ya zo fataucin kanwa, garin ya karɓe shi, ya buɗe rumfar yadi. Mahaifiyarsa, Zaliha, ɗiyar makiyaya ce daga yankin Kelle, masu raƙuma da tumaki. Saboda haka ya tashi yana da dangi a kasuwa, yana da dangi a bakin rijiya.

Karatu da aiki

An sa shi makarantar allo tun yana ƙarami, kuma a nan ya samu kyawun hannu a rubutun ajami, wanda har ya tsufa bai rabu da shi ba. A 1948 aka ɗauke shi lakwal, wato makarantar boko, ba da son mahaifinsa ba, ya samu sartifika a 1954. A 1957 aka ɗauke shi aikin buga takardu da mashin a wani ofishin gwamnati, ya yi shekaru a Damagaram, daga baya aka maido shi Gure, inda ya ajiye aiki cikin mutunci a 1990. Ba a taɓa saninsa da makara ba, abin da ƴan zamani ba su ma ɗauke shi laifi ba.

Aure da zuriya

A 1962 ya auri Mariya, ɗiyar Hamidu na Bune, mace mai kamun kai, wadda ta zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya albarkace su da ƴaƴa shida, ɗaya ya koma tun yana goye.

Ƙungiya da saɓanin ta'aziyya

Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, lokacin da ƙungiyoyi suka yawaita, mutanen Gure suka kafa tasu ta zumunci, wadda ta haɗa ƴan kasuwar gari da makiyayan Kelle, Alakos da Bune. Alhaji Buraima, babban ɗan kasuwa, shi ne shugaba, Aisami, dattijon makiyaya, mataimakinsa. Aka ba Malam Sadi sakatare.

Ba a je ko'ina ba aka samu ɓaraka. A 1992 yayan Alhaji Buraima ya rasu, makiyaya suna can arewa da dabbobinsu, labari bai iske su ba sai bayan sadakar arba'in. Ƴan kasuwa suka ce raini ne, makiyaya suka ce ba a aiko ba. A ƙasarmu kuwa ana iya yafe wa mutum abubuwa da yawa, amma rashin zuwa gaisuwar mutuwa ba ya cikinsu. Gaisuwa ta yi sanyi tsakanin ɓangarorin biyu, har aka fara maganar kowa ya kama gabansa. Malam Sadi, wanda in an rabu bai san inda zai bi ba, shi ne ya kawo shawarar a riƙa fitar da takardar labarai duk wata, mai ɗauke da rasuwa, haihuwa, ɗaurin aure da cigiyar dabbobi. Ya sa mata suna Guga, domin rijiyoyi za ta riƙa bi.

Fitowa ta farko da abin da ya biyo baya

Guga ta fara fita a watan Maris na 1993. Gefe guda boko ne da ya buga da mashin, ɗaya gefen ajami da ya rubuta da hannunsa a kan istansil, sannan shi da Mariya suka murza ta a tsohon injin ronewo mai fitar da kwafi. Kamar yadda kowane ɗan Musulmi zai yi, ya buɗe ta da Bisimilla, ya kuma sa aya a kan sunayen mamata.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, Alhaji Buraima ya aika a sayo masa tsire, aka kawo masa shi naɗe cikin Guga, mai ya jiƙa ayar sharkaf. Ya tara dattawa, ya shimfiɗa takardar gabansu, ya ce, "Sadi, da furfurarka ka ɗauki sunan Allah ka kai wa mahauta?" Aisami ya ce, "Alhaji, abin ai ba wuya, a cire." Alhaji ya ce, "A cire? To mu arna ne? Takardar da ba a buɗe da sunan Allah ba, ba za ta fita da sunana ba." Aisami ya ce, "In babu takarda, kada gobe wani ya ce ban zo masa gaisuwa ba." A nan aka tashi, an dakatar da Guga, kuma kowa ya san ƙungiyar ce aka dakatar.

Malam Sadi bai yi musu ba, domin ya san duka biyun suna da gaskiya. Ya bi kasuwa rumfa rumfa ya tattaro abin da ya samu na takardun, ya ƙone su a wuri mai tsarki. Sannan ya hau raƙumin kawunsa ya yi ta zagaya rijiyoyi cikin zafin bazara, yana neman a kowace mashaya mutum guda mai karatun ajami kuma mai amana.

Da ya dawo ya gabatar wa dattawa tsarinsa. Takarda za ta fita babu Bisimilla a rubuce, amma ba za a raba ta kamar goro ba: mai karatu za a danƙa wa, shi zai tara jama'a ya buɗe da Bisimilla da bakinsa. Bayan sunan kowane mamaci za a ja layi, mai karatu ya cika da addu'a, jama'a su amsa. Hatta sunayen da ke ɗauke da sunan Ubangiji ya ce za a taƙaita su, har ɗansa na cikinsa, Abdulrazak, ya koma Audu a takarda. Alhaji Buraima ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Yanzu ka zo da magana." Aisami ya ce, "Da ma ita ya zo da ita, kunnenka ne bai kai ba." Aka yi dariya, wadda rabon da a yi ta a taron tun kafin rasuwar yayan Alhaji.

Bunƙasa

Daga watan Yuli na 1993 Guga ba ta sake tsayawa ba. Direbobin kasuwa ke sauke ta a ƙauyuka, masu raƙuma su ƙarasa da ita. Malam Sadi ya riƙa zana shaidar dabbobin da suka ɓata, yadda ko wanda bai iya karatu ba yana gani zai gane. Makiyaya suka riƙa sauka gidajen rasuwa kafin sadakar bakwai, ƴan kasuwa kuma suka koyi hanyar daji.

A 1998 ƴan Gure mazauna Yamai suka nemi a sa Guga a intanet domin ƴan uwa da ke ƙasashen waje. Abdulrazak, wanda ke aiki da ordinata, wato kwamfuta, a can, shi ya buɗe shafin, ana aika masa kowace fitowa ta hannun direba. Malam Sadi ya je Yamai ya gani da idonsa, ya tarar an sa hotunan shugabanni a sama, ya ce a sauke su, mamata ne kan gaba, sannan jarirai. Haka aka yi.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Sadi rasuwa a watan Nuwamba na 1999 bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin. An yi masa sutura aka binne shi a maƙabartar Gure a ranar, kamar yadda sunna ta tanada. Kafin sadakar uku raƙuma sun cika ƙofar gidan, daga Kelle, Alakos da Bune. Aisami ya iske Alhaji Buraima kan tabarmar karɓar gaisuwa, ya ce, "Matsa, Alhaji, mu za a yi wa gaisuwar nan." Alhaji ya ce, "Namu ne, ubansa ɗan kasuwa ne." Sai dai ya matsa, suka zauna tare har aka watse.

Ya bar matarsa Mariya da ƴaƴa biyar: Abdulrazak, Hassana da Husseina, Sufiyanu, da autarsu Biba, wadda injin ronewo ya koma hannunta. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba waɗanda ya bari ikon riƙe zumuncin da ya sha rana a kansa.