Dukushin da Ya Yi Furfura

Ni ba mai yawo ba ce, amma duk abin da aka faɗa a zaurenmu sai ya iske ni a bakin murhu. Ta haka na san dawaki ba tare da na taɓa hawa ba.

Maigidana yana da goɗiya fara, kili. Shi kuwa burinsa akawali, baƙi wuluk irin wanda mahaifinsa ya hau. Sai ya ja ta har Kwaya, wurin taubashinsa mai baƙin ingarma. Da ta haihu, ga dukushi kamar an tsoma shi a tukunyar baba. Malam ya raba goro, ko haihuwar 'yarmu ta fari bai yi wannan baki har kunne ba.

Kafin shekara ta zagayo na ga farin gashi ya kewaye idon dukushin.

Na ce, "Malam, ɗanka fa ya soma furfura."

Ya ce, "Dusa ce. Ke me kika sani?"

Dusar nan ba ta wanku ba. Ta bi wuya, ta bi gadon baya, damina uku doki ya koma kalar toka. Malam ya rantse taubashi ya cuce shi, wai wani farin doki aka haɗa da goɗiyarsa. Ya daina gaishe shi, ko a kasuwar Dungas sai ya kau da kai. Mutanen da suka tashi akushi ɗaya!

Ran nan yana ta faɗa a tsakar gida, surukata tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai, rufe mana baki. Goɗiyar taka a gabana aka haife ta, baƙa ƙirin kamar gawayi. Haka uwarta ma. Jininsu ne, da baƙi suke zuwa su rikiɗe."

"Inna, me ya hana ki faɗa tun tuni?"

"Ka tambaye ni?"

Washegari ya hau moto da ƙullin goro, ya nufi Kwaya. Da la'asar sai ga su tare, ina jiyo taubashin tun daga zaure: "Uwargida, fito ki ba da shaida! Gemun mijin nan naki da baƙi kika aure shi. Shi ma ni na musanya?"

Na leƙo na ce ban ga lokacin da ya musanya ba, amma ba zan rantse ba shi ba ne. Malam dai ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ce in kawo musu fura a ƙwarya ɗaya.