Filogin da Ban Zare Ba

Shekara huɗu ke nan cif da Alhaji Ɗanliti ya sayar mini da mataccen batir a cikin kwalin sabo, ƙanena Sabi'u ya mutu a kansa. Ni bokona bai yi nisa ba, kayan mutane nake aikawa gida daga Kuala Lumpur, don haka yadda abin yake zan faɗa.

Sabi'u digiri na uku yake yi, a kan batiran ko-ta-kwana na tashar lantarki ta nukiliya. Ya sha yi mini bayani muna shan shayi a shagon mamak, wato masu shayin can. Wai ko an kashe irin wannan tasha, cikinta bai daina zafi ba. In wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, batiran nan ne kaɗai idon ma'aikata, su ke riƙe da na'urorin da ke buɗe wa ruwan sanyaya hanya. "Yaya, batir maƙaryaci ne," in ji shi. "Sai ka ɗora masa kaya ka san gaskiyarsa."

Da korona ta kama shi, ba mu samu gado a asibiti ba, muka sa masa injin iska a ɗakinsa na unguwar Pantai Dalam. Shi ya ce in nemo wa injin batir saboda tsaro, ko da wuta za ta ɗauke. Alhaji Ɗanliti ya kawo har ƙofa, ɗan unguwarmu ne a Kano, sa'an babanmu. Sabi'u, yana numfashi guntu-guntu, ya ce, "Zare filogin wutar a gabansa mu ga ko batirin zai riƙe." Ban zare ba. Ta yaya zan gwada kayan dattijo yana tsaye, kamar na kira shi ɓarawo? Fitilar batirin na nuna kore, na yi godiya, har lif na raka shi. Bayan ya tafi kuma na ji tsoron taɓa injin yana aiki.

Kwana uku tsakani, da la'asar, aka yi ruwa da tsawa, wutar benen ta ɗauke. Batirin bai yi tsawon alwala ba. Lif ya tsaya, muna hawa na sha huɗu. Kafin masu motar asibiti su hawo, an gama.

Yanzu ina jin ana maganar gina irin tashar nan a gida. Da Sabi'u na nan, ba injin tashar zai hana shi barci ba. Tambaya zai yi: a cikinmu wa zai zare filogi a gaban babba? Littattafansa suna wurina, ba na iya karanta su. Wannan tambayar ce gadona.

Juma'ar da ta wuce na haɗu da Alhajin a unguwar Danau Kota. Ya riƙe hannuna, wai yana da batira da zai tura wa wasu asibitoci a gida, in ɗauka masa. Ya ƙara da cewa, "Habu, har yanzu kana riƙe da abin? Kwana ne ya ƙare."

Na ce, "Na yarda, Baba, kwana ya ƙare. Amma batirinka ya riga shi ƙarewa. Kawo kayan. Kwali-kwali zan buɗe, kana tsaye, in zare filogi."