Telgiram Mai Kalma Ɗaya Daga Maraɗi

Jos, Talata

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gidanmu a Rikkos da telgiram a aljihu. Ran Litinin ta iso daga Maraɗi, inda yayana Sani yake tuƙin babbar mota, kuma kalma ɗaya ce tak a ciki: VIENS. Ni da ko Ingilishi da ƙyar nake haɗawa, sai na kai wa Kofi, tela mutumin Togo da ke Kabong. Ya ce Faransanci ne, daga venir, wato zuwa, kuma haka ake kiran ƙane ko aboki, ban da babba ko baƙo. Na tambaye shi ko ita ake aikowa in an yi rasuwa. Bai daina taka keken ɗinkinsa ba.

"Oga, zo kawai ta ce. Ba ta faɗi dalili ba."

Inna kuwa ce mata na yi Kano zan je sari.

Zariya zuwa Katsina

Fijo ta sauke mu a Zariya ƙarfe goma. Na sayi shinkafa da wake na sule uku, loma biyu na iya yi. Ta Funtuwa muka bi, direban sai zuba yake kan haɗurran hanya, har na ce ya yi wa Allah ya yi shiru. A tashar Katsina na kwana.

Ɗan Isa, Laraba

Ƙarfe tara muka wuce Jibiya. A shingen Ɗan Isa jandarma ya tambayi abin da ya kawo ni, na miƙa masa telgiram. Ya karanta, ya dube ni, ya maido ta, ko jakata bai buɗe ba. Wannan kirkin ya fi komai tayar min da hankali.

Maraɗi

Da na tambayi Sani a tasha, sai aka nuna min asibiti. Sani na da rai, amma an yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Mota ce ta kife da shi. Da kuka ya sake ni, na hau shi da faɗa kan kwana biyun da na yi cikin fargaba. Ya ce dogon bayani ya ba nas ta aika.

"Ta tambaye ni, wane ne shi a wurinka? Na ce ƙanena ne. Ta ce to wannan ta isa."

Jos, Asabar

Da la'asar muka iso, Sani na dogara da kafaɗata. Inna ta dubi ƙafar, ta dubi fuskarsa, ta ce a shimfiɗa masa a ɗakinta. Mun gode Allah, mun gode wa nas ɗin da ban ko tambayi sunanta ba.