Ranar da Jakai Sunka Wuce Ƙofarmu

Duk sadda na ji rediyo na cewa za a kawo masu zuba jari ƙauyuka, kashe ta nake yi. Mu a gidanmu anka yi wanga wasa, na san ƙarshenai.

Babana dillalin hatsi ne a Ƙofar Marke, kuma mai masauki. Mutanen ƙauyenmu na bakin gulbi, in sunka ɗauko gero da dawa za su kasuwa, gidanmu suke sauka. Su ɗaure jakai ƙofar gida, su ci tuwon Inna, Baba ya sayar musu. Ba mai bin shi ya ga yadda anka yi ciniki. Abin da yac ce, shi ke nan. Ni lokacin na gama sakandare, ina zaman rumfa tare da shi.

Zamanin kuɗin mai ne, soja na mulki. Birni ya rikice, kowa da sabon babur, kowa ɗan kwangila. Wata rana da hantsi sai ga motar gwamnati ƙofar gida, da wani hafsan soja, da Turawa biyu, da tafinta. Wai za su gina kamfanin jimar fata a ƙauyenmu, don jar akuyarmu ba irinta. Jima kuwa sai da ruwa, don haka fadama suke so, inda danginmu ke noman albasa cikin giginyu. Ashe sun riga sun tahi can, mutane sunka ce ba su ba da ko taki ɗaya sai sun ji daga bakin Alhajinsu na birni.

Hafsan nan har ƙasa ya durƙusa. "Baba, daga yanzu samarin garinku sun bar tahiya cin rani. Aiki zai iske su gida, har da lantarki da asibiti."

Ya san inda ya taɓa. Ba abin da ke cin ran Baba irin yaran da ke tahiya kudu kowane rani, wasu ba a sake jin duriyarsu.

Da sunka fita na ce, "Baba, mutanen ga ko sunan garin ba su iya faɗi ba."

Yac ce, "Kai ɗan boko, yaushe anka haife ka? Ka fi gwamna sani?"

A motarsu sunka kai shi ƙauyen, ni na bi a babur. Gari duk ya taru ƙofar masallaci. Yayan Baba, Bappa, shi ne babba a dangi, yac ce, "Ƙanena, ka ga kamfanin ga da idonka?"

"Ban gan shi ba, Yaya. Amma na ga mutanen, na zauna da su. Ku ba su."

Sunka ba su.

Katafila ta zo. Giginyun da kakanni sunka bari, waɗanda sunka girmi kowa a garin, ta kwantar da su ɗaya bayan ɗaya, yara na bin ta suna ihu don murna. Anka cike rijiyoyin ban ruwa, anka kewaye fili da waya, anka kafa allo da turanci. Ranin nan samari sunka ƙi tahiya ko'ina. Kullum suna bakin waya da wankakkun riguna, kada ranar ɗaukar aiki ta wuce su.

Sai anka yi juyin mulki. Hafsan anka maishe shi wata jiha, Turawa sunka hau jirgi. Ko bulo ɗaya ba a aza ba. Abin da ya fi ƙona mani rai, fili ya zama na gwamnati, har da mai gadi. Mai gadin me? Ƙaiƙayi? Ɗan Bappa ya tsallaka waya ya dasa albasa, anka kai shi bariki anka zane shi da bulala, a gonar ubanai.

Baba ya yi yawon ofis har takalmi ya cinye. Magana ɗaya ko'ina: "Alhaji, wannan aikin gwamnatin da ta wuce ne." Wani ƙaramin akawu ma dariya ya yi mai, yac ce ai shi ma ya ci rabonai, ya je ya huta. Wallahi ko ruwan mutanen nan Baba bai sha ba.

Bayan kaka, ranar da baƙi kan iso, Inna ta tuƙa tuwo kamar kullum, na share zaure na shimfiɗa tabarmi. Da la'asar jakai sunka shigo unguwa. Sunka zo daidai ƙofarmu, sunka wuce. Wani jaki da ya saba ya karkato zai tsaya, mai shi ya sheme shi da sanda.

Na ƙwala wa ɗan Bappa kira, "Kai, ɗan'uwa, makanta ka yi? Ga gida nan!"

Bai ko tsaya ba. "Ku ci tuwonku, 'yan birni. In Turawa sun dawo ku sauke su."

Baba shina zaune cikin zaure, duk ya ji. Yac ce in naɗe tabarmin.

Da damina Bappa ya rasu. Ba wanda ya aiko. A kasuwa munka ji, bakin wani mai albasa, har an yi sadakar uku. Na ɗauki Baba a babur munka tahi. Hanya ta gefen wayar take bi, ciyawa ta kai ƙirji a ciki, ya kau da kai har munka wuce.

Da munka isa, ya nufi cikin gida inda anka haife shi. Ɗan Bappa ya tare ƙofa, cikin ladabi, ya nuna mai tabarmar baƙi a waje. Nan Baba ya zauna ya yi addu'a, anka shafa.

"Mun gode, Alhaji," in ji ɗan yayanai. "Allah ba da lada. A sauka birni lahiya."