Kunyar Surukina Ta Hana Ni Faɗa wa Likita Gaskiya

Malam Edita, a shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, soja na riƙe da mulki, ni birkila ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina haya a wani ɗaki a Ƙofar Atiku da matata wadda ko shekara ba mu yi da aure ba. Duk inda ka juya a Sakkwato gini ake yi. Wani kamfanin gine-gine ya ɗauke ni aiki a wani bene mai hawa uku a kan hanyar Wamakko, kuma ba yabon kai ba, in ana neman wanda zai hau can ƙololuwa ni heluma yake fara kira, wato shugaban ma'aikata. Ina tafiya a kan katakan da ake ɗaurawa a jikin gini kamar ina tsakar gidanmu, har ina yi wa masu jin jiri dariya. A lokacin ban san mene ne tsoro ba.

Wata ranar Talata katako ya karye da ni daga hawa na farko, na faɗo da baya a kan tulin bulo. Na yi mako uku a kwance. Ciwon bayan ya lafa, amma ya bar mini abubuwa biyu da suka fi shi muni. Na farko, ƙafata ta hagu takan mutu ba zato ba tsammani, in ji kamar ba a jikina take ba. Na biyu, wanda har yau nake jin nauyin rubuta shi, na daina iya riƙe fitsari. Matata kaɗai ta sani. Kullum da safe takan wanke tabarma da wandona ta shanya a bayan ɗaki inda maƙwabta ba za su gani ba, ba ta taɓa ko ɗaga ido ta dube ni a kan haka ba. Ni kuwa tsoro ya shige ni. Tsoron kada a ce in koma saman ginin nan da wannan ƙafa, da kuma tsoron kada maganar ta isa gidan surukaina a ce an ba nakasasshe 'ya.

A ofishin leba aka yi mini bayani cewa sai likita ya auna ni ya rubuta ko na nakasa har abada, sannan kamfani zai biya ni diyya a kuma sauke ni daga aikin hawa. Aka ba ni sunan likitoci biyu, aka ce in zaɓi ɗaya. Na farko mutumin wajen Jos ne, yana jin Hausa kamar ni. Na biyu baƙo ne daga ƙasar waje, ba ya jin ko sannu, amma a asibitin da yake aiki surukina, mahaifin matata, shi ne babban malamin asibiti. Abokin aikina, wani kafinta Kirista ɗan ƙasar Zuru, ya ba ni shawara in je wurin na farko, ya ce aƙalla zan yi magana da bakina ba da bakin wani ba. Na ce masa bai san gari ba, wa zai bar inda yake da nasa ya tafi inda ba a san shi ba? A wautata ina ganin ai surukina zai sa baki a rubuta mini takarda mai kyau.

Abin da ban yi tunani ba shi ne wa zai yi tafinta. Da aka kira ni ɗakin likita, sai na tarar da surukina tsaye da farar riga a gefen tebur. Mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, wanda in na hango shi a hanya nake cire takalmi in durƙusa, shi ne zai ɗauki maganata ya kai wa likita. Aka ce in tuɓe riga, na tuɓe. Likita ya ce in sunkuya, na sunkuya har ƙasa na danne azabar a ciki, don kada a ga raki a fuskata. Ya ce in tsaya da ƙafa ɗaya, ranar kuma ƙafar ta yi mini biyayya. Can sai ya yi wata tambaya, surukina ya juya fuskarsa ga bango, ya rage murya ya ce likita yana tambaya ko akwai wata matsala wajen kama ruwa, ko ƙafa takan mutu. Na ce babu. Surukina ya maimaita tambayar a hankali, ko da yake na lura likita sau ɗaya ya yi ta. Na sake cewa babu, lafiya lau, na gode Allah. Aka rubuta cewa na warke, na dangwala yatsa a takardar.

Ranar Litinin heluma ya nuna mini hawa na uku. Wallahi tun daga gindin tsani zufa ke karyo mini, ba ta zafin rana ba. Kowane taki sai na saurari ƙafata, ina roƙonta a zuciya. Na yi kwana tara a haka, abinci ba ya shiga, ina fita gida kullum ina kallon matata kamar kallon ƙarshe. A rana ta goma, wajen azahar, ina tsakiyar katako da bulo a hannu, ƙafar ta tafi. Na saki bulon, na ji ya tarwatse a ƙasa kusa da masu kwaɓa siminti, ni kuma na faɗa ruf da ciki na rungume katakon yana lilo da ni. Na kasa motsi, na kasa ko ihu, salati ma a zuci nake yi. Ina kallon mutane can ƙasa sun ɗago kai, sai na ji ɗumi yana bin cinyata yana ɗiga ta tsakanin katakai. Abin da na ɓoye wa mutum ɗaya, ga shi duk ma'aikatan kamfani suna kallo. Kafintan nan ne ya rarrafo da igiya ya ɗaure ni a ƙugu, aka sauko da ni.

Ban sake hawa ba, kamfani kuwa ya ce takarda ta nuna lafiyata ƙalau, tunda na ƙi aiki sai in kama gabana. A ofishin leba suka nuna mini yatsana a kan takarda, suka ce maganar diyya an rufe ta. Sai a lokacin na je wurin likitan da na ƙi tun farko. Cikin minti biyar na faɗa masa komai, domin ba ya da 'ya a ɗakina. Ya ɗauki hoton bayana, ya ce ƙashi ne ya danne jijiya, da an sani da wuri an tura ni inda za a yi aiki, amma yanzu jijiyar ta riga ta lalace. Tun daga nan da sanda nake tafiya.

Bayan kamar wata guda surukina ya zo gidana da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon ƙasa, ya ce tun makon farko 'yarsa ta faɗa wa uwarta, uwar kuma ta faɗa masa, kuma ko sau ɗaya bai yi tunanin raba mu ba. Ya ce ranar nan a ɗakin likita ya sani sarai, shi ya sa ya maimaita tambayar, yana jira in ce e kawai. Amma da na ce babu, sai ya ji kunyar ya ƙaryata ni, ya nuna ya san sirrin ɗakin 'yarsa. Ya nemi in yafe masa. Alhali ni ne ya kamata in nemi gafararsa. Da aka kira la'asar ya tashi ya tafi.

Yau shekaru masu yawa ke nan, surukina ya rasu, matata tana nan tare da ni, kuma ba na ƙin kunya, da ita aka raine ni. Amma na koyi cewa ɗakin likita ba wurinta ba ne. Duk ma'aikacin da ya ji rauni aka ce ya zaɓi mai auna shi, ina roƙonsa kada ya tambayi inda yake da ɗan'uwa, ya tambayi inda bakinsa zai iya buɗewa. In ka ga wanda kake jin nauyinsa a ɗakin, ka roƙa a canza shi, kuma kada ka dangwala yatsa a kan maganar da ka san ba gaskiya ba ce. Ni kalma ɗaya aka nema daga gare ni, har sau biyu, na kasa faɗa, kuma ga ni nan ina jan ƙafar har yau.