Malam Abdulƙudus, Wa Zai Nuna Mana Ƙofofin Zongo?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Fabrairun 2025, ina gaban allo ina zana wa 'yan aji kogin Nakambe, mai gadin makaranta ya leƙo ta taga ya ce in fito. Malam Abdulƙudus ya rasu da hantsi, bayan jinyar da bai bari mun san nauyinta ba. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Ni Sadiya ɗalibarsa ce a da, daga baya na zama abokiyar aikinsa, yanzu kuma ni aka danƙa wa azuzuwansa na tarihi da labarin ƙasa. Ban san yadda zan yi da su ba.

Malam, ranar da na fara shiga ajinka ba ka buɗe littafi ba. Ka rataye taswira, ka bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: daga ina kakanka ya taso? Wanda ya ce bai sani ba, sai ka kora shi gida ya tambayo. Washegari ka riƙa jan alli daga Kano da Katsina da Tawa, ka biyo ta Fada Ngurma, ka gangara Salaga wajen goro, ka dawo ka tsaya a nan Wagadugu. A ranar na san cewa mu 'yan Zongo ba daga sama muka faɗo ba. Darasi da Faransanci kake yinsa, tas kamar mai karanta labarai a rediyo. In ranka ya ɓaci sai Mosanci ya ƙwace maka. In abu ya taɓa zuciyarka kuwa, Hausa kake komawa, mu da muka san ka sai mu yi tsit.

Shekarar da aka rushe unguwarmu don aikin ZACA na sabunta tsakiyar birni, aka watsa mu, wasu Nioko, wasu can bayan gari, littattafaina suka salwanta a cikin kwashe kaya. Na yanke shawarar barin karatu. Ka zo har inda muka sauka a kan tsohon babur ɗinka, wanda sai an tura yake tashi, ka ajiye mini littafin taswirorinka a cinya, ka ce da mahaifina, "Alhaji, gida aka rushe. Kan yarinyar nan yana nan lafiya lau." Kai ma a lokacin naka gidan yana ƙasa, amma ba ka ambata ba.

Daga nan ka fara abin da ɗalibai suka sa wa suna ziyarar Zongo. Kowace shekara, wata Asabar kafin zafi ya kankama, sai ka kwashe aji a ƙafa ku shiga tsakanin dogayen benaye da filayen da aka kewaye da kwano. Ka tsaya a tsakiyar wurin ajiye motoci ka ce, "Ku yi sallama, kuna ƙofar gidan Hajiya mai goro." Yara su yi sallama suna dariya, kai ka amsa a madadin masu gida, sannan ka faɗi wanda ya gina shi, da garin da ya fito, da baƙin da ya saukar. Nan rijiya take, nan ake sauke jakuna, nan makarantar allo. Kafin a kai gida na uku dariyar ta ƙare. A ƙarshe ka zaunar da su wajen mai benga, kowa ya ci shinkafa da wake ya ƙoshi.

Hukumar makaranta ba ta taɓa son wannan yawo ba. Sau nawa aka ce maka ba ya cikin manhaja, kuma babu mai tambayar rijiyar Zongo a jarrabawar bak ta gama sakandare? Ka ce ka ji, shekara ta zagayo ka sake fita.

Ina jin haushinka, Malam, kuma ba zan ɓoye ba. Mun roƙe ka ka zauna a zana wuraren nan. Kullum sai ka ce bari a yi hutu. Yara sun ɗauke ka a waya, gaskiya ne, amma me ke cikin hoton? Kai ne tsaye gaban katangar kwano, katangar kuma an ɗauke ta, an dasa bene. Kai da ƙafarka kake gane wuri. Mu kuwa mun saki jiki muna bin bayanka kamar ba za ka taɓa tafiya ba.

Ziyarar bana ka sa ta ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan rasuwarka. Yara suka ce lallai a je, don kai. Na shige gaba. A unguwar aka haife ni, na kuma bi ka sau da yawa, na ɗauka zan iya. Muka isa inda nake zaton gidan mai goro ne, na ce su yi sallama. Wani tsohon direba da ke zaune a gefen titi ya ce a'a, gidan yana can ƙetaren kwalta. Muka ƙetara, shi ma ya tsaya yana waige-waige, daga baya ya ce wallahi ya rikice. Zalissa, ɗalibarka da iyayenta suka gudo daga arewa suka bar ƙauyensu babu kowa, ta dube ni ta ce, "Madam, to wa za mu tambaya?" Muka juyo tun rana ba ta yi ba.

Ina koyar da daulolin da suka shuɗe da yaƙe-yaƙen Turai, ina da littafin kowanne. Unguwar da aka yanke mini cibiya kuwa, da ta ɓace ina kallo, ba ni da abin da zan nuna. Tsofaffinmu suna ƙarewa a warwatse, jikokinsu da yawa ko gaisuwa ba sa iya kaiwa ƙarshe da Hausa. Ban ga ta inda za a tsayar da wannan ba.

Da yamma na tafi wajen zaman makoki. Inna Rokia, matarka, ta kama hannuna ta ce, "'Yata, kin kai yaran ƙofar tsohon gidanmu?" Na ce ban gane wurin ba, Inna. Ta ce, "Ni ma na je bara ni kaɗai, na yi ta zagaye. Shi nake tambaya."

Ya Allah, ga bawanka Abdulƙudus ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa abin da ya koyar ya zame masa haske. Ka ba Inna Rokia da 'yarsu Uwa da ƙaninsa Ishaku haƙurin wannan rashi, da ɗalibansa, da dukan 'yan Zongo a duk inda aka watsa su. Ka saukar da shi a gidan da ba a rushewa. Mu kuma da muka rage, ka ji ƙanmu. Amin.