Mutumin Japan da na yi wa aski sau biyu

Jama'a, ni wanzami ne, shekarata ashirin da 'yan kai ina aski a wani ɗan shago a unguwar Misfala da ke Makka, kuma wallahi abin da zan ba ku a kujerata ya faru, da rana tsaka, ba ji na yi ba.

Farkon shekarar 2011 ne, cikin Rabi'ul Awwal, an buɗe Umra ba da jimawa ba. Bayan Azahar wani dattijo ya shigo da haraminsa, ɗan gajere, gashinsa fari fat. Na ɗauka ɗan Indonesiya ne, sai ya yi mini sallama da Larabci irin na littafi, ya ce shi mutumin Japan ne, a Masar ya yi karatu, a can ya musulunta. Ni kuwa Allah ya yi ni da son tambaya, ga shi ban taɓa riƙe kan mutumin Japan ba, sai na shafa masa sabulu na ce, "Ya Hajji, mijin ƙanwata ma ƙasarku zai je wata mai kamawa, tsofaffin injinan mota yake sarowa." Na faɗa masa sunan garin kamar yadda nake ji a bakin Usman, wato mijin ƙanwar tawa, wani gari ne a bakin teku ta can arewa.

Dattijon ya ɗago ya dube ni ta madubi. Ya ce, "Me zai saro a can? Ai ruwa ya tafi da tashar jiragen ruwan garin."

Na ce wane ruwa? Ya yi mamaki ƙwarai, ya ce ashe ba ma kallon labarai a Makka? Sai ya shiga ba ni labari ina aski, a hankali, kamar mai karanta takarda. Wai ranar wata Juma'a ƙasa ta girgiza, teku ta taso ta haura katangun da aka gina mata, ta shiga garuruwa. Wai wata tashar lantarki ta nukiliya ta lalace, aka kwashe mutane daga gidajensu, shanu suna yawo a titi ba mai su. Wai sarkinsu da kansa ya fito a talabijin yana ba mutane haƙuri. Da bazara aka rage fitilun manyan birane, ma'aikata suna gumi a ofis. Har ya ɗan yi murmushi ya ce 'yan matansu sun ci kofin ƙwallon duniya, ranar ne ya fara jin dariya a unguwarsu. Kafin zafi ya wuce kuma firaminista ya sauka. Ya ce, "Shekara ce mai nauyi. Ƙanina yana cikin waɗanda ba a gani ba."

Na yi masa ta'aziyya, ina jin kunyar jahilcina. Ya shafa kansa, ya yi godiya, ya fita.

Ko aska ban wanke ba na buga wa Usman. Na ce, "Kai wane irin ɗan kasuwa ne, garin da ruwa ya cinye za ka?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yaya, jiya jiyan nan na yi magana da mutumina na can, lafiyarsu ƙalau. Tsohon nan ya ruɗe ne, ko kai ne ba ka gane Larabcinsa ba." Na tambayi maƙwabcina mai sayar da waya, ya bincika labarai a intanet, babu komai. Na ji haushin kaina.

Kuskurena, ko in ce sa'ata, na ba ƙanwata Hajara labarin a gidansu da ke unguwar Mansur, don mu yi dariya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yaya, mutum ya gama ɗawafi da sa'ayi, da harami a jikinsa, ya zauna ya shirya maka ƙarya?" Daga ranar ta tasa Usman a gaba, kuka safe da yamma, har ta ɗauke fasfo ɗinsa ta kai gidan wata ƙawarta. Usman ya zo shago ya same ni a gaban mutane, ya ce na shiga tsakaninsa da iyalinsa da tatsuniyar masu aski. Kusan sati biyu ba ya amsa sallamata. A ƙarshe dai ya ɗage tafiyar, don a zauna lafiya.

Ranar wata Juma'a da hantsi, cikin satin da ya kamata a ce yana can, ina share shago kafin in tafi Harami, sai na ga mutane sun taru a gaban talabijin ɗin mai shayi. Na leƙa. Japan ake nunawa, baƙin ruwa yana tafiya a kan gonaki, da motoci da gidaje a kansa. Na nemi bakin titi na zauna. Usman ya kira ni, na ɗauka, salati kawai yake ta yi. Mutumin nasa na can, sai bayan wata guda aka ji yana raye, amma filin injinan babu ko ƙusa.

To daga nan na zama ɗan Japan ƙarfi da yaji. Na sayi ƙaramin talabijin na kafa a shago, ina bin shekarar nan kamar mai bin karatun da ya riga ya haddace. Aka nuna shanun. Sarkin ya yi magana. Da 'yan matan suka kai wasan ƙarshe na gaya wa abokan aikina su za su ci, suka ce na fara duba. Ranar da firaministan ya sauka kuwa, ban ji daɗin cin gardama ba. Na zaga masaukan Misfala ina tambayar ko sun sauki wani dattijo daga Japan a Rabi'ul Awwal, ba wanda ya tuna.

Da aka sake buɗe Umra a shekara ta gaba, wata rana bayan Azahar, ya shigo. Shi ne, wallahi shi ne, ai wanzami ba ya manta kan da ya riƙe. Na ce, "Marhaba, Ya Hajji, ka dawo!" Ya dube ni da ladabi ya ce wataƙila na haɗa shi da wani, wannan ne zuwansa Makka na farko, ya zo yi wa ƙaninsa addu'a ne. Har fasfo ya nuna mini da ya ga na kafe, sabo fil, biza ɗaya tal. Na ce a bara war haka yana ina? Ya ce yana gida, yana koyarwa, ƙaninsa na raye.

Na so in gaya masa abin da ya faru. Me zan ce? In ce ka zo ka ceci surukin wani wanzami, naka ƙanin kuwa ba wanda ya gaya masa? Na yi masa aski, na ƙi karɓar ko sisi.

Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce aljani ne, ɗaya ya ce in yi shiru in gode wa Allah. Ni dai shawarata, in baƙo ya ba ku labarin da ba ku taɓa ji ba, kada ku yi saurin cewa ya ruɗe. Ni yanzu duk wanda ya zauna a kujerata ya fara ba ni labarin ƙasarsu, sai na tsayar da aska na tambaye shi wace shekara muke ciki.